Harley na 1947 a garejin maƙwabciya: a saya, a yi masa fenti, ko a bar shi?

Wani ƙanenmu da ke zaune a jihar Ohio ta Amurka ya aiko mini da hotuna shida da tambaya. Maƙwabcinsa dattijo ne ya rasu, matar tana kwashe kayan gareji, sai ga tsohon babur Harley-Davidson lulluɓe da bargo. Ta ce rabon da a hau shi tun wajajen 1985. Lambar da ke jikin injin ta fara da 47EL. Jan fentinsa ya koɗe, sirdin ya tsattsage, tayoyin sun zauna. Kuɗin da ta ambata ya kai na mota mai kyau. Yana so ya san ko ya saya, in kuma ya saya, ko ya kai shi a yi masa sabon fenti da kwaskwarima kafin ya sayar, ko ya aika da shi gida Kano.

Ƙanena, ko ba ka karanta sauran abin da zan rubuta ba, ka riƙe wannan. Kada ka bar kowa ya kusanci babur ɗin nan da gwangwanin fenti, ko samfefa, ko injin wanki mai feshin ruwa. Kada kuma ka buga masa kik don ka ji ko zai tashi. Na daɗe ina aikin tsofaffin babura a nan Amurka, kuma ɓarnar da na ga masu kyakkyawar niyya sun yi a makon farko ta fi wadda tsatsa ta yi a shekara 40.

Bari mu fara da abin da lambar take faɗa. 47 ɗin shekara ce, 1947. EL kuma samfuri ne: inji mai silinda biyu a tsaye kamar harafin V, mai girman inci 61 a lissafin Amurkawa, wato kusan cc 1,000. Kamfanin, wanda aka kafa a Milwaukee a 1903, ya fara fitar da wannan injin ne a 1936, kuma shi ne babban babur ɗinsu na kan titi na farko mai silinda biyu da bawul ɗinsa duka ke saman silinda, yake kuma zagaya baƙin mai ya dawo da shi tanki maimakon ya ƙone shi ko ya zubar. Mutane ne daga baya suka laƙaba masa Knucklehead, saboda murfin kan injin yana kama da gaɓoɓin yatsu in an dunƙule hannu. A 1937 Joe Petrali ya hau wani da aka gyara don gudu a bakin tekun Daytona, ya yi sama da mil 136 a awa. A 1941 aka ƙaro babban yayansa, FL, mai inci 74. Shekarar 1947 ita ce ta ƙarshe, domin a 1948 sabon injin da ake kira Panhead ya karɓi wurin. Yau in ka ga sabon Harley a titi, siffar tankinsa da zaman injinsa duk daga wannan babur suka samo asali, shi ya sa masu tara tsofaffin babura suke ganinsa kamar kakan gida.

Sai dai kada ka ɗauka ƙarancinsa ne ya sa shi tsada. A 1936 kimanin 1,700 kawai aka yi, amma a 1947 an yi sama da 11,000 in ka haɗa EL da FL, ita ce shekarar da aka fi yin su. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda ba a taɓa ba. Bayan yaƙin duniya na biyu samari sun riƙa sayen waɗannan babura da araha, su cire murfin tayar gaba, su yanke na baya, su jefar da duk abin da ke da nauyi don ya ƙara gudu. A shekarun 1960 da 1970 kuma yayin chopper ya zo, aka riƙa yanke wuyan firem ana ƙara masa tsawo, ana goge duk wani kunnen ƙarfe da ke jikinsa, ana zuba masa kurom da fenti kala-kala. Waɗanda suka tsira daga wannan, da yawansu sun faɗa hannun masu gyara na shekarun 1980 da 1990, waɗanda suka kankare su tas suka mayar da su sabbi fil. Saboda haka babur ɗin da ya wuce duk waɗannan zamunna yana kwance a gareji da fentinsa na kamfani, shi ne abin nema.

Na san wannan yana da wuyar shiga kai, domin mu ba haka muka taso ba. A gida, in mutum yana da tsohuwar Vespa ko Honda da yake ji da ita, darajarta ita ce a kai ta wurin mai fenti, a sa sabon sirdi, a ɗaura mata kwalliya, ta fito tana walƙiya ranar sallah. Koɗaɗɗen fenti alama ce ta mai shi ya gaza. Ni ma da wannan idon na zo. Masu tara tsofaffin babura a nan kuwa lissafinsu daban ne, kuma da na fahimce shi na ga yana da ma'ana. Sabon fenti kowa mai kuɗi zai iya sa a yi masa, yau ko shekara 20 nan gaba. Fentin da wani ma'aikaci ya fesa a Milwaukee a 1947 kuwa, in ya tafi ya tafi ke nan. Bayan haka, babur ɗin da ba a taɓa ba shaida ne. Da shi ake sanin ta ina waya ta bi, wane noti ne aka bar shi baƙi, wanne aka shafa masa farin ƙarfe, ina fenti ya zarce don ma'aikaci yana sauri. Masu gyara na gaske sukan yi tafiyar kwana guda don kawai su ɗauki hoton irin wannan babur su koma su gyara nasu daidai. Ƙungiyar Antique Motorcycle Club of America, wadda aka kafa a 1954, tana karɓar duk babur ɗin da ya kai shekara 35, kuma alƙalanta suna fara wa babur da maki 100 su riƙa ragewa a kan duk abin da ya saɓa wa yadda ya fito daga kamfani. Wanda bai taɓa ganin gyara ba, ba sa rage masa maki don ya koɗe. A kan abin da aka canza suke ragewa.

Ni da kaina na sha wannan darasi, kuma har yau in na tuna sai na ji kunya. Ina sabon zuwa, a wani shago da nake koyon aiki, aka kawo wani tsohon babur samfurin Indian Chief da aka ciro daga rumbun gona. Maigidan ya fita cin abinci ya ce in share masa ƙura. Ni kuwa na ga tankin ya yi dishi-dishi, na ce bari in burge shi. Na ɗauko man goge mota mai ɗan yashi-yashi, na sa tsumma, na dage. Wurin ya fara sheƙi, ina murna. Da na duba tsumman sai na ga ja da ruwan zinariya a jiki. Siririn layin ado da aka ja da hannu a gefen tankin, wajen tsawon tafin hannu ya ɓace, ya koma cikin tsumma. Da maigidan ya dawo bai yi faɗa ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya karɓi tsumman daga hannuna, ya ninke shi ya sa a leda, ya ce in kai wa mai babur ɗin da kaina in yi masa bayani. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Tun ranar, ruwa mai ɗumi da sabulu mara ƙarfi da auduga nake fara taɓa tsohon fenti da su, a wani lungu da ba a gani, sannan in jira ya bushe in ga abin da ya faru.

To amma duk wannan magana ta tsaya ne a kan cewa babur ɗin abin da lambarsa ta ce ne, kuma hotuna shida ba su isa a yi rantsuwa ba. Harley na kafin 1970 ba shi da lamba a jikin firem. Lambar da hukuma ta sani ita ce ta jikin inji, a gefen hagu, a kan wani ɗan tudun ƙarfe da ke ƙasan silinda. Ma'ana, a idon doka, injin shi ne babur ɗin. Wannan ya sa ɓarayi da 'yan damfara suka daɗe suna wasa da wurin. Ka je da tocila, ka haska shi ta gefe, kada ka haska ta gaba. Fuskar tudun ya kamata ta kasance da ɗan kaushi irin na ƙarfen da aka zuba a mazubi, daidai da sauran jikin injin. In ka ga ta yi sumul kamar madubi, ko tudun ya yi ƙasa, ko ya ɗan lotsa a tsakiya, ko launin wurin ya bambanta da kewayensa, to an goge an sake bugawa. Lambobin kansu da hannu aka buga su ɗaya bayan ɗaya, don haka ɗan karkacewa ba laifi ba ce. Wanda ya miƙe sambal kamar an buga da kwamfuta shi ya fi ba ni tsoro. Siffar kowace lamba ma sananniya ce ga masana, sun san yadda 4 da 7 na kamfanin suke a wannan shekara, kuma a nan ne kake buƙatar idon wanda ya ga ɗaruruwa.

Daga nan sai ka shimfiɗa kwali ka kwanta. A ƙasan injin, can ciki wajen gaba, akwai wasu ƙananan lambobi guda biyu, ɗaya a ɓarin hagu ɗaya a ɓarin dama, masu sana'ar suna kiransu lambobin ciki. Kwanson injin ɓari biyu ne da aka haɗa aka huda tare a kamfani, sai aka buga musu lamba iri ɗaya don kada su rabu. Za ka tarar baƙin mai da ƙasa sun toshe wurin. Ka sa ɗan kananzir a tsohon buroshin haƙori ka goge a hankali, ka sa ƙaramin madubi, ka ɗauki hoto. In lambobin biyu sun zo ɗaya, ɓarin biyu tare aka haife su. In sun bambanta, an taɓa fasa injin an haɗa da na wani, babur ne har yanzu, amma kuɗinsa ya sauka sosai.

Akwai kuma abubuwan da ke nuna 1947 musamman. Fitilar baya ta wannan shekara ita ce mai siffar allon da suke kafawa a kan kabari, a shekarar aka fara ta. Tambarin tanki na ƙarfe ne mai jan ƙwallo a gaba, wanda Brooks Stevens ya zana, an yi amfani da shi daga 1947 zuwa 1950. Gaban babur ɗin mai sifirin ne a fili, ba irin bututun nan mai mai a ciki ba, wanda sai 1949 ya zo. Baya kuwa babu shokazoba ko ɗaya, ƙarfe ne tsagwaro, sifirin ɗin yana cikin sandar da ke riƙe da sirdi. Kafireto na tagulla ne, ƙirar Linkert. A hoto na huɗu da ka aiko na ga fitilar da tambarin duk suna nan, na kuma ga kunnuwan ƙarfen da ake ɗaura keken gefe a jikin firem ba a yanke su ba, wannan ya faranta mini rai. Salansar ce nake shakka, kamar ta baya-bayan nan ce. Wannan ba abin damuwa ba ne, salansa da taya da batir kayan ci ne, babu mai tsammanin su kai shekara 70 da ɗoriya.

Fentin kansa sai an bincika. Ja yana cikin launukan da kamfanin ya bayar a 1947, tare da shuɗi da baƙi, amma fentin da aka sake a 1965 shi ma yanzu ya tsufa ya koɗe, kuma yana ruɗin mutane. Ka leƙa ƙarƙashin tanki da cikin murfin taya. Ka duba ko ja ya hau kan waya, ko kan noti, ko gefen roba, wuraren da kamfani ba zai fesa ba domin kafin a haɗa babur ake fentin. Inda ya ɓantare, ka duba ko akwai wani launi a ƙasa. Sannan ka sani yanzu akwai gwanayen tsufar da fenti da gangan. Tunda aka gane koɗaɗɗe ya fi tsada, sai wasu suka koyi fesa sabo su bi shi da gishiri da rana da samfefa har ya yi kamar ya shekara 70. Ana kuma ƙera kusan kowane ɓangare na Knucklehead sabo a yau, har inji sukutum, mutum zai iya haɗa babur ɗin gaba ɗaya daga kasuwa ba tare da ƙarfe ɗaya na 1947 ba. Abin da ke tona asirin jabu shi ne tsufansa ba ya bin hankali. Na gaske yana cinyewa ne inda gwiwa ke gogar tanki, inda fetur ke zuba a bakin murfi, inda takalmi ke taka katakon ƙafa, gefen da ke kallon tagar gareji ya fi ɗayan koɗewa. Naka da yake ya fito daga gidan da ka san mai shi, wannan haɗarin kaɗan ne, amma wanda za ka sayar wa nan gaba bai san dattijon ba.

Shi ya sa takardu suke da nauyi. Ka tambayi matar takardar mallaka da jiha ke bayarwa, wadda suke kira taitil, ka tabbata lambar da ke ciki ita ce ta jikin inji harafi da harafi. Ka tabbata kuma ita ce doka ta ba ikon sa hannu a kan kayan marigayin, domin in akwai 'ya'ya ko kotu ba ta gama rabon gado ba, za ka iya biyan kuɗi ka shiga rigimar da ba taka ba. In babu taitil sam, kada ka biya sai ka je ofishin rajistar ababen hawa ka ji hanyar da za a bi, a kuma duba ko lambar tana cikin jerin kayan sata. Babur mai gogaggiyar lamba 'yan sanda na iya ƙwace shi, ko da kai da gaskiyarka ka saya. Bayan taitil, duk wata takarda da ke gidan nan dukiya ce: tsohon rasit, littafin kamfani, lambar bayan babur ta shekarun baya, hoton dattijon yana saurayi a kansa. Ka roƙe ta kada ta zubar da komai daga garejin sai ka duba. Sau da yawa salansar asali da tsohon sirdi suna cikin wani kwali a saman kantar garejin, domin irin waɗannan tsofaffi ba sa jefar da ƙarfe.

Maganar kuɗi kuwa, bari in ba ka ma'auni daga can sama. A gwanjon Mecum da ake yi a Las Vegas kowace Janairu, an sayar da Harley na 1908 a kan dala 935,000 a 2023. Kafin nan, a 2015, wani na 1907 da ba a taɓa gyara shi ba ya tashi a dala 715,000, a gwanjon da aka sayar da babur samfurin Cyclone na 1915 wanda ɗan wasan fim Steve McQueen ya taɓa mallaka a kan dala 852,500. Ka lura na 1908 ɗin nan gyararre ne, don kada ka ce na ce gyara haramun ne. In babur ya riga ya lalace, ko an taɓa yi masa fentin banza, gyara na ƙwarai shi ne mutuncinsa. Waɗancan dai wata duniya ce, ana ƙirga irinsu da yatsu. Knucklehead bai kai can ba, amma masu kyau a cikinsu sun sha haura dala 100,000 a gwanjo, yayin da haɗe-haɗen da aka tattaro daga babura uku ba ya kai rabin haka. Ka tuna kuma kuɗin da ake shelantawa ya haɗa da la'adar kashi 10 cikin 100 da mai saye ke biya, mai sayarwa ma ana cire masa nasa, ga kuɗin dako, ga na shiga. Abin da ke isa aljihu bai kai abin da jarida ta buga ba.

Nan ne zan faɗa maka abin da ba ka tambaya ba. In babur ɗin nan ya tabbata yadda nake zato, kuɗin da matar nan ta ambata yana iya zama ƙasa da darajarsa nesa ba kusa ba, kuma ita ba ta sani ba. Maƙwabciyarka ce, mijinta bai daɗe da rasuwa ba. Ni dai ba zan iya kwana da irin wannan riba ba. Ka ce mata ta samo wanda zai kimanta shi, ko ku nemo shi tare. Kana Ohio, kuma a garin Wauseon na jihar ake yin ɗaya daga cikin manyan tarukan ƙungiyar da na ambata, duk watan Yuli. Akwai dattawa a reshen ƙungiyar da za su zo su duba don sha'awa kawai. In an faɗi gaskiyar kuɗin, wataƙila ya fi ƙarfinka, wataƙila kuma ta rage maka don ta san inda zai zauna. Na ga an yi hakan ba sau ɗaya ba, domin da yawansu sun fi damuwa da kada a yanka abin da mijinsu ya so.

A matsayin jari kuwa, ina ja maka kunne. Babur ba ya haihuwa, ba ya biyan haya, ci yake yi: inshora, wurin ajiya, kayan gyara. Kasuwarsa tana hawa tana sauka, kuma mafi yawan masu sayen nan masu furfura ne, babu wanda zai ba ka tabbacin jikokinsu za su so abin da suka so. In kuɗin da za ka sa na gina gida ne ko na makarantar yara, ka bar shi ya wuce. In rarar kuɗi ce kuma kana son abin har zuciya, irin son da za ka iya zama a gareji da shayi kana kallonsa kawai, to Knucklehead mai fentin asali yana cikin waɗanda suka fi riƙe daraja a wannan harka.

In ka saya, ga dalilin da ya sa na hana ka kik. Tankin baƙin mai yana ƙarƙashin sirdi, yana cin wajen lita huɗu. In babur ya daɗe a tsaye, man yana silalewa ta wani ɗan ƙwallon bawul ya taru a ƙasan inji, abin da ya rage a tanki kuma ya zama kamar kwalta. Ringin fistin na iya manne wa silinda. Kik ɗaya mai ƙarfi ya isa ya karya ringi ya kafta wa silinda zane, ko ya tura dattin shekara 40 cikin jijiyoyin inji. Ana cire fulogi ne a zuba ɗan mai mai laushi a kowace silinda, a bar shi kwanaki, sannan a juya injin da hannu a hankali ana saurare. A wanke tankin mai, a juye na ƙasan inji, a buɗe kafireto. Abin da ke yawo a cikin kafireto yana tsayar da fetur da toton kwalaba aka yi shi, kuma fetur ɗin Amurka na yau mai kashi 10 na ethanol yana cinye abin da aka shafe shi da shi, don haka a sa na zamani a ajiye tsohon. Wutarsa volt 6 ce, kada wani ya jona masa batir ɗin mota. Wayoyinsa masu rigar zare ne, in ba su tsage ba a bar su. Ƙa'idar ita ce duk abin da aka cire a sa shi a leda, a rubuta daga ina ya fito, kuma kada a yi wani aikin da ba za a iya warware shi ba. Bakaniken da ya ce maka bari mu kwance shi duka mu wanke, ka yi masa godiya ka ɗauke babur ɗinka.

Hawansa ma karatu ne sabo. Kulocin a ƙafar hagu yake, giya kuma da hannun hagu ake sa ta, da wata sanda a gefen tanki. Hannun dama totur ne, na hagu kuma in ka murɗa shi lokacin tartsatsin fulogi yake matsarwa gaba ko baya. In ka manta ba ka mayar da shi baya ba ka buga kik, sandar za ta dawo maka da ƙarfin da ya isa ya kai mutum asibiti. Burkinsa na ganga ne gaba da baya, sai ka fara shirin tsayawa tun kana hango fitilar hanya. Duk da haka ina cikin masu cewa a riƙa hawa. Injin da ke zagaya mai sau ɗaya ko biyu a wata ya fi wanda aka kafe a falo lafiya. Tun 2010 ake yin tseren Motorcycle Cannonball, inda ake ratsa Amurka daga wannan teku zuwa wancan a kan baburan da suka girmi naka nesa, karon farko ma sai na kafin 1916 aka yarda su shiga.

Ajiya ba ta da wuya. Wuri busasshe, zanen auduga a kai, ban da tamfol ko leda don suna tara gumi. A ɗaga tayoyi daga siminti, a sa tarkon ɓera don suna son sirdi da waya, a shafa wa fentin kakin zuma mara yashi sau ɗaya a shekara. Inshorar da za ka nema ita ce wadda ake amincewa da ƙimar babur tun farko a rubuce. Kuma ka rage nuna shi a intanet da hoton ƙofar gidanka.

Batun kai shi Kano, na fahimci abin da ke ranka, ni ma na taɓa mafarkin shiga unguwarmu a kan irinsa. Ta fuskar tsatsa ma busasshiyar iskarmu ta fi damshin Ohio da gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Amma ƙurar hunturu za ta shiga injin da matatar iskarsa ta zamanin da ce, zafin bazara a cunkoson Kano zai gasa inji mai sanyaya kansa da iska, kuma ranar da wani ɗan ƙaramin abu ya karye, bakanikenmu mai basira zai ƙera maka wani ya yi walda ya tashe shi, wanda hakan gwaninta ce a wurinmu, a wurin masu saye kuwa an rage masa daraja. Masu biyan kuɗinsa na gaskiya suna Amurka da Turai da Japan. Fitar da shi ma sai ka gabatar wa kwastan na Amurka taitil aƙalla awa 72 kafin a loda shi. In don hawa a gida ne, ka sayi Harley na bayan 1984 mai injin Evolution, yana da juriya, kayansa suna samuwa, kuma in ya faɗi a kwalta ba za ka yi kuka ba.

A wannan makon dai, ka koma gidan da tocila da madubi da buroshin haƙori. Ka turo mini hoton lambar gefen hagu da haske ta gefe, da lambobin ciki guda biyu, da ƙarƙashin tanki, da taitil ɗin in ta yarda. Ka kuma tambaye ta ko akwai wani kwali na kayan babur a saman kantar garejin ko a ɗakin ƙasa, kafin masu kwasar shara su zo ranar Asabar.